Dala Casa'in da Biyar

Shekara ashirin da shida ina riƙe da alli,
har zanen yatsuna ya koma fari,
sai ga takarda daga ofishin sufeto:
a zo Garwa, sati biyu, a ƙaro sani.
Na ce wa mai ɗakina, kifin Binuwai za a koya wa iyo.
Ta ce, je ka dai, ko kuɗin mota ka samo.

Na bar Pitowa da asuba a bayan babur,
auduga kore shar, ruwa ya kai wuyan gada.
Aka zaunar da mu a bencin yara,
mu talatin da ɗaya, gwiwa na dukan tebur.
Kusa da ni Jonwe, malamin kimiyya daga Kayele,
wanda ɗakin gwajinsa duka
ke cikin kwalin sabulu guda:
kwalaben magani, batir, da wayar tsohuwar fanka.

Mai koyarwa ta shigo. Tafiyar na fara ganewa.
Hapsatu ce, 'yar mai gyaran rediyo,
wadda na bai wa uku bisa ashirin
shekarar da ambaliya ta ci katangar makaranta.
Ta rusuna ta ce, Mushe, ina kwana,
sannan ta miƙe ta fuskanci aji.

Ta raba mana kwamfutocin hannu.
Gilashin bai san kaushin yatsana ba:
in na taɓa alwatika sai ta tsere gefe.
Ta kama hannuna kamar yadda ban taɓa kama nata ba,
ta ce, ja wannan kusurwa a hankali.
Na ja. Ɗaya ta buɗe, biyu suka tsuke,
jimilla na zaune daram, ɗari da tamanin.
Abin da na tsufa ina rantse wa yara a kai,
yau na gan shi yana numfashi.

Rana ta huɗu aka ɗauke wuta.
Kwamfutoci suka rufe ido ɗaya bayan ɗaya.
Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.
Na laluba aljihu, allina na nan.
Ita kuwa ta ce, ku sa takalma, mu je kasuwa.

Wani yaro mai albasa, ko goma bai cika ba.
Kashi bakwai, ta ce, kowane dala sha biyar,
ga jaka guda, nawa ne canjina?
Kafin Jonwe ya gama latsa waya
yaron ya ce, dala casa'in da biyar,
idonsa na kan akuyar da ke zagayen buhu.

Ta juyo, ba fushi a muryarta:
Mushe, haka nake yi a shagon Baba
shekarar da ka ba ni uku.
Da Faransanci ka tambaye ni,
amsata kuwa da dala take.

Daren nan ban yi barci ba.
Na riƙa ƙirga jan birona,
wa ya sha, wa ya bar makaranta bayansa.
Lissafin bai yi mini wuya ba. Shi ne abin.

An ba mu takardar shaida mai hatimi,
da kwamfuta ɗaya, da farantin hasken rana.
Yarana casa'in da huɗu ne.
Raba ɗaya gida casa'in da huɗu,
wannan ma darasi ne, za mu yi shi ranar Talata.

Yau Litinin, na shigo da albasa a leda,
na zube ta kashi-kashi a kan tebur.
Ajin ya yi tsit, suna zaton na zautu.
Can baya, jikin tagar da ba ta rufuwa,
Ɗantani, da bai taɓa ɗaga hannu ba,
ya leƙo ya ce,
Mushe, kashin nan na tsakiya an cuce ka.