Takalman Barewa

Daga Kwatano na sayo ta, ja wur kamar barkono,
cikinta dab da ƙasa, ba ta shiri da tudu ko ɗaya.
Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu rak.
Inna ta kewaye ta, ta ce, "Sauran motar yana baya?"

Na sa mata suna Barewa.
Wata biyar a Damagaram ƙafafunta suka gajiya,
suka suɗe sumul kamar tafin jinjiri,
har zaren ƙarfe ya fara leƙowa ta gefen taya.

Na nufi rumfar Kanta, can bayan Kasuwar Dole,
inda baƙar roba ta yi tsibi ta cinye rabin hanya.
Na miƙa masa salula: "Irin wannan nake so,
mai laushi, mai siririn gefe,
mai kama kwalta kamar kaska a wuyan akuya."

Bai karɓa ba. Ya tsuguna, ya shafa tsohuwar da yatsa
kamar mai duba ƙafar majinyaci a gidan jinya.
"Ina kake zuwa da safe?"
Na ce wurin aiki.
"Daga Garin Malam? Ta lungun nan mai rairayi da ƙaya?
Tudun rage gudu nawa kake hawa kafin ka isa?"
Na ƙirga, bakwai.
"To a ina kake taka giya ta biyar?"
Na yi shiru don kunya.

Ya ce, "Wadda ka nuna takalmin ango ne, yaro,
ranar buki ake sa shi, ba a zuwa da shi rijiya.
Robarta taushi gare ta, tana riƙo, ban musa ba,
amma kwaltar bazara wuta ce, za ta lashe ta kamar miya.
Siririn gefe kuwa, rami guda a hanyar Tanut
zai lanƙwasa maka janti, ka dawo gida bisa igiya."

Ya mirgino wata, ba kyau, ba muni,
gefenta da ɗan tsoka, zanenta da zurfin tsagiya.
"Ka ga waɗannan kwaruruka? Na watan takwas ne,
ran da ruwa ya kwanta a titi ya ƙi wucewa, ya tsaya.
Ga lamba huɗu nan, sati ne da shekarar haihuwarta.
Roba ma tana tsufa a ɗaka,
baƙin mai da aka shafa mata ado ne na ƙarya."

Na ce, "Kanta, ai motar gudu ce."
Ya ce, "Ran Alhamis wa kake kai awon jini?"
Na ce Inna.
Ya ce, "To, ita za ka tambaya."

Jaka arba'in da biyar kowace, mun ja, mun ja,
ya rage mini biyu, na lalubo aljihu na biya.
Tsofaffin huɗu ba su kwana a rumfar ba:
biyu mai yankan takalma ya ɗauka,
ɗaya mai amalanke,
ta ƙarshe wani yaro ya kora ta da kara yana dariya.

Jiya da magariba, ina dawowa daga Mirya,
duwatsun gari sun yi jawur, iska na dukan wuya,
na taka, Barewa ta yi kuka, allura ta haura ɗari,
sai ga jaki da jarkokin ruwa ya ratso tsakiya.
Na danne burki. Ba ta zame ba, ba ta yi gefe ba,
ta durƙusa taku uku daga ƙarshen wutsiya.
Mai jakin ya dube ni, ya dubi motar,
ya ce, "Sannu," ya wuce, ko jarka bai gyara ba.

Na daɗe a bakin hanya, hannuna na rawa bisa sitiyari.
Hoton nan yana cikin salula har yau, ban goge ba,
wani dare nakan buɗe in kalla.
Kanta bai sani ba. Kada wanda ya gaya masa gaskiya.