Bashin Tudu

Shekara talatin da ɗaya ina toya gawayi
a bayan Ambohimena, inda tudu ke kallon Betsiboka.
Ban san adadin itatuwan da na kayar ba.
Na dai san buhu nawa ke sayen littafin makaranta,
buhu nawa ke kai Voahangy asibiti a amalanken shanu,
na kuma san ranar da buhunan ba su isa ba.

Tudu bai yi gardama ba. Sai ya tsage.
Damina ɗaya ya wage baki, ja wur kamar dasashi,
ya haɗiye gonar rogon Ramilison,
ya amayar da yashi a kan shinkafarmu.
Masu wucewa a jirgin sama, in ji su,
suna cewa tsibirinmu jini yake zubarwa cikin teku.
Mu na ƙasa mun san gatarin.
Yana jingine a ɗakina.

Wata safiya mota ta maƙale a taɓo,
muka tura ta, ashe baƙinmu ne:
Fenohery, ɗan birni mai sabon takalmin roba,
da doguwar mace, Solveig, daga ƙasar ƙanƙara,
rana ta dafa mata wuya.
Suka ce ƙasashe sun taru a wani babban zaure
sun yi alkawarin hekta miliyan kaza.
Na ce miliyan ba ta shiga tukunya.
Fenohery ya ƙi fassarawa. Ta dai gane.

Baƙar leda dubu shida suka ba mu, da iri,
da kuɗin yini.
Don kuɗin na karɓa. Ba zan yi wa tudu ƙarya ba.

Muka dasa, suka ɗauki hoto, suka tafi.
Wutar makiyaya ta zo a Oktoba
ta lashe rabi kafin shinkafa ta nuna a murhu.
Shanu suka yi kalaci da saura.
A takardarsu, dubu shida.
A ƙidayata, ɗari huɗu da tara.

Da Solveig ta dawo na kai ta, na nuna mata toka.
Na zaci za ta rufe littafi.
Sai ta zauna a kan dutse, ta ce,
kai da ka san yadda suke mutuwa,
gaya mana yadda za su rayu.
Ni da ba a taɓa tambayata komai ba sai farashi.

Na ce a ware wa shanu makiyaya kafin a yi wa itace shinge.
A share hanyar wuta, faɗin taku goma.
Kututturan da na bari ba su mutu ba, barci suke,
a rage musu toho, a bar biyu masu ƙarfi.
A sa mangwaro da yazawa kusa da gida,
bishiyar da ke ciyar da yaro
uba ba ya ɗaga mata gatari.

Yau shekara bakwai.
Tsagar ba ta rufe ba, kada wani ya ruɗe ku,
amma ciyawa ta yi mata gemu, ta daina cin gona.
Idon ruwan da ya ƙafe shekarar da muka binne Voahangy
ya soma tsattsafowa, cokali-cokali.
Jikata Tsiky ta kawo mini a gwangwani,
ta ce, kaka, akwai ɗanɗanon ganye.
Kwalbar zuma tara ta sayar a kasuwar Maevatanana,
ta ƙi gaya mini nawa.

Har yanzu ina toya gawayi, daga rassan da muka rage.
Hannuna baƙi ne, haka za a binne shi.
Da dare nakan yi lissafi da ƙwayar masara:
wanda na sare a dama, wanda ya kama a hagu.
Dama ta fi tsibi, nesa ba kusa ba.
Jiya Tsiky ta same ni ina ƙirgawa,
ta kwashe na dama ta watsa wa kaji,
ta ce in tashi, leda ɗari biyu na jiran ƙasa.