Daga Bakin Ƙofa

Sheffield, Talata, ana yayyafi.
Tun jiya aka hana ni shayi.
Maureen ta ɗora ni kan injin tafiya,
ina ta sauri, ban bar ɗakin ba,
har numfashi ya soma gardama.
Sai allura a jijiya,
ruwa mai hasken da ido bai gani.

Na kwanta, hannuwa sama kamar kamammen ɓarawo,
na'ura na zagaya ƙirjina
tana neman lungun da jini ya daina zumunci.

"Yau kar ka ɗauki jariri."

Da magariba na tsaya bakin ƙofa.
Jikata Hajjo, kwana tara a duniya,
tana miƙa cikin tawul.
Zuciyar da suka yi wa hoto ɗazu
ga ta can,
ni ina nan.