Tambaya ta Uku

A Kalgo, ajin ƙarfe biyu na rana,
fanka tana juyi kamar an sa ta dole,
Dakta Tunau ya ja layi a allo,
ya raba tunanin Sin gida biyu da alli.
Dama, ya ce, masu ladabi ne:
ɗa ya san uba, ƙane ya san wa,
kowane suna ya zauna kan mai shi
kamar hula a ka.
Hagu kuma mutanen Dao, wato Tafarki,
su ba sa tura abin da ke tafe da ƙafarsa.
Muka kwafa. Wani a baya ya yi hamma.

Ran jarrabawa, tambaya ta uku:
kwatanta su, ka kawo misali.
Na cika shafi huɗu da sunayen dauloli
da shekarun da na haddace da taimakon shayi,
misali kuwa ko ɗaya bai leƙo ba.
Talatin da takwas. Jan biro ya ce:
Ina naka ganin?

Hutu ya kai ni Yawuri.
Baba Arzika na loda albasa a jirgi,
buhu goma sha bakwai, da akuya, da babur ɗin wani.
Kafin ya kwance jirgin sai da ya je
ya durƙusa gaban Kakale, wansa,
wanda idonsa ya tafi,
shekara tara bai riƙe filafili ba.
"Yaya, mu tashi?" "Ku tashi."
Kullum haka, ko fasinja na tsaki.
Tsofaffi a tsakiya, masu goyo kusa da su,
mu samari can baki, inda ruwa ke mari.
Na ce a raina: ga mutumin dama.

"Mi kaka karantawa can?"
Na ce, tunanin mutanen Sin na da.
"Masu yin injin ga?" Ya daki murfinsa.
Na ce kakanninsu.
"Suna da gulbi?" Na ce manya ma.
Sai ya gyaɗa kai,
kamar an ce masa surukai mutanen kirki ne.

Tsakiyar Kwara inji ya yi tari, ya yi shiru.
Mai babur ya kama salati da ƙarfi.
Baba bai fizgi igiya ba, bai ko miƙe ba,
ya tsoma filafili gefe guda, ya riƙe kawai.
Ruwa ya ɗauke mu kudu, a karkace,
muka wuce mashigi, muka wuce fadamar shinkafa,
har wata kwana da ya sani tun yana yawo ba wando
ta miƙa mu ga yashi,
sannu, kamar mai aje ƙwai.

Tsigar jikina ta tashi.
Na ce, Baba, ai wannan shi ne!
Aikin da ba a yi ba, ga shi ya yiwu!
Wata uku Dakta yana faɗin haka!
Ya dube ni, ya dubi galan.
"Mai ya ƙare," ya ce.
"Kai na aika tun safe, ka tsaya duban takarda.
Sauka ka ja."

Na sauka. Ruwa har ƙugu,
laka tana tsotsar takalmina,
akuya ta bi ni da ido tana tuƙa.

Da almuru ya koma gun Kakale,
ya durƙusa, ya ba da labarin yini.
Ina bayan zana, ina jiran in ji sunana.
Ya ce shi ya manta da mai.

Zangon baɗi zan sake zama.
Misali kam na samu,
sai dai ban san gefen da zan aje shi ba a layin alli,
shi da warin albasa, da galan wayam,
da takalmin hagu da Kwara ta riƙe.