Gaisuwar Tsohon Modem

A bayan kantin Barau da ke Sabon Gari,
ƙarƙashin tarin rediyon da masu su suka manta,
na tsinci modem mai launin haƙorin maciyin goro.
Ɗari biyar. Ko tayi ban yi ba.

Na kai shi ɗakina a Tudun Wada,
na jona shi da layin zamani,
wanda ba turke, ba wayar tagulla,
murya kawai ke ɗare intanet kamar fasinjan acaɓa.
Can Samaru, Tanimu ya kunna nasa yana jira.

Na buga lamba.
Ya yi tari, ya yi fito, ya yi kukan tsanya,
sannan wannan shuuu na ruwan Agusta kan kwano.
Sai ɗif.

Na canja igiya, na hure ƙura. Ɗif.

Tanimu ya ce: ba lalacewa ya yi ba,
gaisuwa yake yi.
Tsoho ne, sai ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali,
kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.
Shi kuwa sabon layi gaggawa gare shi,
yana ƙulla magana ƙulli-ƙulli kamar mai sayar da gishiri,
wani ƙullin ya faɗi a hanya, wani ya riga yayansa isa.
Abin da bai yi kama da muryar mutum ba
shara ne a wurinsa.

Muka hana shi matse sauti,
muka ce ya bar amsa-kuwwa ta yi abinta,
muka ƙara masa haƙurin jiran na baya.
Har yanzu ɗif.

Ƙarfe ɗaya saura, shayina ya huce.
Sai na tuna yadda nake yi da Baba
tun da kunnensa na hagu ya tafi:
ba ɗaga murya ba ne, rage gudu ne.

Daga dubu hamsin da shida na sauko.
Dubu tara da ɗari shida, ya ƙi.
Dubu biyu da ɗari huɗu.

Tsanya. Ruwan sama. Shiru.
Amma wannan shirun da ransa.

Haruffa suka fara fitowa, kore shar,
ɗaya bayan ɗaya kamar tururuwa ta gano sukari:
Kana ji na?

Na daɗe ban amsa ba.
Ta taga ina hango fitilar ɗakin Baba a kunne.
Shi ma bai yi barci ba.