Yadi Ɗaya da Kwata

Duluth, watan Janairu, bakin tafki ya daskare.
Na kakkaɓe ƙanƙarar takalmina a ƙofar kanti,
na ciri 'yar takarda: hamsin da bakwai.
Allo yana kan arba'in da ɗaya.

Shekara talatin da biyu ina auna ƙarfe
a wurin gyaran jiragen ruwa,
inda kuskuren da bai kai silin gashi ba kan ci aikin mutum.
Yau ga ni rungume da bandir ɗin shuɗin yadi
kamar wanda aka bai wa riƙon jinjiri.

Solveig ta bar bargon saura gefe.
Ƙyalle ɗari huɗu ta harhaɗa kafin ciwo ya kwantar da ita,
ta rubuta a bayan ambulan kuɗin wuta:
yadi ɗaya da kwata, kar a rage.

Makon jiya na zo, wani yaro ya yanka mini,
ido a waya, almakashi a hannu.
Da na shimfiɗa a teburin cin abinci
sai ga baki ya karkace kamar tafiyar mashayi,
nan cif, can babu inci biyu.
Na wanke, ya ƙara tsukewa.
Inci biyu suka hana ni barci.

Shi ya sa yau na zo da awona a aljihu
da jawabin da na haddace a mota.

Hamsin da bakwai!
Sunanta na manne a ƙirji: Odalys.
Na ce, daidaita bakin tukuna.
Ta ce, haka na tarar da shi.
Na ce, wanda ya bar shi haka bai san aiki ba.
Matar da ke bayana ta ja tsaki.
Na zaro awon ƙarfe, ya yi ƙara a kan tebur
sai ka ce wuƙa na zare.

Ba ta tanka ba.
Ta warware bandir, dum, dum, dum,
ta tsinko zare ɗaya da farce,
ta ja shi sannu, yadin yana tattarewa,
har wata siririyar hanya ta buɗe daga baki zuwa baki.
Nan almakashinta ya bi.
Ko a ƙarfe ban taɓa fitar da layi haka ba.

Kakata ce ta koya mini, in ji ta.
Manaja ba ya so, wai cin lokaci ne.
Kowane inci a ƙirge yake,
ranar Juma'a a kira mutum ofis.
Sai a lokacin na ga ta tuɓe takalmi ɗaya,
tana tsaye a kan kwali,
da filasta a gindin yatsa inda almakashi ke ci.

Ta ɗora yadin kan sandar tagulla.
Ɗaya. Kwata.
Ta waiga hagu, ta waiga dama,
ta aza babban yatsa bayan alama,
ta yanka a bayansa.

Na buɗe baki in ce wannan ma ai ba daidai ba ne.
Magana ta maƙale.
Na naɗe awona.

Me za a ɗinka? Na ce bargo, matata ce ta faro.
Ta ninke, ta manna farashi, ba ta yi mini ta'aziyya ba,
na kuwa ji daɗin haka.
In ka gama kawo in gani, ina nan kullum ban da Talata.
Hamsin da takwas!

A gida, don hali zanen dutse, sai da na auna.
Yadi ɗaya da kwata,
da gyara, faɗin yatsan Odalys.
Na wanke, na shanya a kan kujerar Solveig.
Da safe ruwa ya ci rabonsa,
abin da ya rage ya zauna cif.

Yanzu saura in koyi zura zare a keken nan.