Na Koya wa Inji Ɗingishi

Shekara talatin da ɗaya ina kaɗa ganga
a wani ƙaramin coci nan Detroit.
Ran Lahadi hannuwana na Ubangiji ne,
sauran kwanakin na kamfanin motoci.
Sai sanyin ƙashi ya zo karɓar rabonsa,
ko sallama bai yi ba.
Sandunan kiɗa suka riƙa sulluɓe mini
kamar tarwaɗa a hannun yaro.

Jikata Odessa ce ta shigo da akwatin,
dala tamanin a shagon jingina,
maɓalli goma sha shida, ɗaya ya karye.
Na ce, 'yar nan, ganga ba fata ai gawa ce.
Ta ce, Kaka Lemuel, danna dai ka ji.

Na danna.
Ya buga, bai gaji ba, bai yi tari ba,
bai saurara wa numfashin mawaƙa ba.
Daidai, daidai, daidai,
irin daidaiton da ke sa mutum hamma.
Na kashe shi. Mako uku yana shan ƙura
a gefen injin wanki.

Daren da dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa
na sauka ɗakin ƙasa don rashin abin yi.
Na ja bugu na uku baya kaɗan,
bai fi kaurin silin gashi ba,
yadda hagun ɗina ya saba makara.
Sai ga inji yana ɗingishi irin nawa.
Na yi dariya har maƙwabci ya kunna fitila.

Tun ranar kunnena ya zama ɓarawo.
Fiton butar shayi, na yanka shi gida huɗu.
Ƙarar ƙofar kamfanin da suka rufe,
na danne ta har ta koma rurin bajimi.
Muryar marigayiya Vernell a tsohon kaset
tana cewa "rufe tagar nan",
na miƙe ta, ta kai minti shida.
Yanzu ba faɗa take mini ba,
rerawa take.

Jiya Odessa ta kunna kiɗan a wani tsohon sito.
Matasa sun fi ɗari uku, babu wanda ya san sunana.
Na jingina da bango, hannuwa cikin aljihu,
ina kallon ƙafafunsu
suna makara tare da ni.